Hatimin Kamfani a Bisa Kan Sarki: Amsa ga Mai Adakar Takardu a Agege

Wani ɗan'uwa mazaunin Agege ya aiko da tambaya cewa ya gaji adakar mahaifinsa, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Legas da Kano, kuma a cikinta akwai rasidai da ambulan da takardun banki masu yawa, kusan kowace takarda da kan sarki a manne. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, maimakon hatimin gidan waya, sai ya ga hatimin kamfani da tawada shunayya a kan mafi yawansu, wasu kuma sa hannu kawai aka yi aka ja layi. Ya nuna wa wani mai sayar da tsofaffin kan sarki, sai ya ce masa ba su da wata daraja tun da ba gidan waya ne ya soke su ba, wato ba shi ya buga musu hatimin da ke nuna an yi amfani da su ba. Yana so ya san ko ya jiƙa su da ruwa ya ɓamɓare kan sarkin ya jera a littafi, ko kuwa akwai abin da ya fi haka.

Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Kafin komai, kada ka bari ruwa ya taɓa ko da takarda ɗaya. Mai sayarwar nan bai yi maka ƙarya ba idan kan sarkin kaɗai ake magana, domin a kasuwar masu tara kan sarki wanda aka soke a kan rasidi ya fi wanda aka soke a gidan waya araha nesa ba kusa ba, musamman ƙananan kuɗi irin kwabo da kwabo biyu da aka buga su da ɗimbin yawa. Sai dai abin da ke hannunka ya wuce kan sarki. Takarda ce mai ɗauke da sunan kamfani, da reshen da ya ba da ita, da ranar da aka yi ciniki, da kayan da aka saya, da kuɗin da aka biya, da sunan mutumin da ya biya, kuma hatimin da aka buga rabi a bisa kan sarki rabi a bisa takarda shi ne ya ɗaure waɗannan bayanai wuri guda. Ranar da ka raba su, ka mayar da shaidar tarihi ta zama 'yar takarda ta kwabo biyu. Ga kuma wata illar, tawadar nan shunayya da akawunan kanti suke amfani da ita tana narkewa a ruwa, saboda haka jiƙawar za ta wanke sunan kamfanin ta kuma rine kan sarkin.

Dalilin da ya sa kamfani ke soke kan sarki da kansa yana cikin dokar haraji. A zamanin Turawa kan sarki ɗaya yana aiki biyu, kuɗin aika wasiƙa da kuma harajin takardu, shi ya sa za ka ga an rubuta POSTAGE & REVENUE a jikin da yawa daga cikinsu. Dokar harajin hatimi ta 1939, wadda ita ce tushen wadda ƙasar nan ta daɗe tana aiki da ita bayan samun mulkin kai, ta wajabta wa duk wanda ya karɓi kuɗi fam biyu ko fiye ya manna kan sarki na kwabo biyu a rasidin da zai bayar, kuma shi mai ba da rasidin ne zai soke shi da hannunsa kafin ya miƙa, don kada a ɓamɓare a sake amfani da shi. Ƙaramin ɗan kasuwa yakan rubuta sunansa da kwanan wata a kai da alƙalami, babban kanti kuwa da ke ba da rasidi ɗaruruwa a yini sai ya sa a yi masa hatimin roba mai juya kwanan wata. Da aka sauya kuɗi ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai iyakar ta koma naira huɗu. Saboda haka idan ka ga rasidin shekarun 1950 da kan sarkin kwabo biyu mai hoton masu haƙar kuza, wanda ya fito cikin jerin 1953 na farkon zamanin Sarauniya Elizabeth, tare da na ahu mai hoton gyaɗa da na taro mai gadar Jebba da na sule goma mai fatu da ƙiraga, to ka san abin da doka ta ce ne aka bi, ba wani ganganci akawu ya yi ba.

Akwai kuma wani nau'i na hatimin kamfani wanda shi mai sayarwar da kansa zai miƙe tsaye idan ya gan shi, kuma ya kamata ka san kamanninsa ko da ba na zaton zai fito daga adakar bafataken goro. Wannan shi ne na Kamfanin Neja, wato Royal Niger Company. George Goldie ne ya haɗa kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin Kwara suka zama ɗaya a 1879, aka sake masa suna a 1882, sannan a 1886 gwamnatin Ingila ta ba shi takardar izinin mulki, ya zama ɗan kasuwa kuma hukuma a lokaci guda, yana da kotu da kwastan da soja. Tun da ƙasar da yake riƙe da ita ba ta da gidan waya na gwamnati, kuma ba ta da kan sarki nata, sai aka shirya cewa ma'aikatansa su riƙa manna kan sarkin Ingila mai hoton Sarauniya Victoria, kamfanin kuma ya buga nasa hatimin. A farkon lamari a gefen ambulan ake buga shi, a bar kan sarkin sai wasiƙa ta isa Ingila a soke shi can, daga baya kuma a tsakiyar shekarun 1890 aka koma buga shi a bisa kan sarkin kai tsaye. Wurare huɗu ne aka san hatiminsu: Akassa, da Burutu, da Lokoja, da Abutshi kusa da Onitsha. Na Burutu mai kusurwa huɗu ne, da cikakken sunan kamfanin a sama da kwanan wata a tsakiya, kuma shi da na Akassa aka fi cin karo da su, na Lokoja da na Abutshi kuwa a shekarar ƙarshe ta mulkin kamfanin suka bayyana, shi ya sa suka fi wuyar samu.

Mai riƙe da irin wannan ambulan yana riƙe da wani yanki na tarihin da ya shafe mu kai tsaye. Akassa ɗin nan ita ce wadda mutanen Nembe ƙarƙashin Sarki Koko suka far wa a watan Janairun 1895, saboda kamfanin ya toshe musu hanyar cinikin manja da suka gada, ya ɗora lasisi da haraji da babu ɗan ƙasa da zai iya biya. Sojan wannan kamfani ne suka ci Bida da Ilorin a 1897. A Lokoja kuma aka sauke tutarsa ranar 1 ga Janairu 1900, Gwamna Lugga ya karɓi mulkin Arewa, bayan gwamnatin Ingila ta amince ta biya kamfanin fam 865,000. Daga wannan rana hatiminsa ya daina zama na gidan waya, ya koma na ɗan kasuwa kamar kowa, kuma a shekarar ne Arewa ta sami kan sarki nata. Legas kuwa ba ta taɓa shiga ƙarƙashin kamfanin ba: Ingila ta karɓe ta tun 1861, ta fara buga kan sarkinta a 1874, aka haɗa ta da Kudu a 1906, sannan a 1914 aka fito da mai sunan Nijeriya gaba ɗaya.

Amfanin da sanin wannan tarihi zai yi maka a aikace shi ne gane shekarun takarda ko da kwanan watan ya goge, domin kamfanoni suna sauya suna, kuma kowane sauyi yana tilasta a yanka sabon hatimi. Kamfanin Neja ya ci gaba da ciniki da sunan Niger Company, Lever Brothers suka saye shi a 1920, sannan a 1929 aka haɗa shi da babban abokin hamayyarsa African and Eastern Trade Corporation aka sami United Africa Company, wato UAC, wanda ya zama reshen Unilever, kuma UAC ɗin ne ya buɗe kantin Kingsway a titin Marina na Legas a 1948. Duk hatimin da ya ce UAC bai girmi 1929 ba. Na bankuna ya fi wannan ma daɗin bi, kuma tun da ka ce akwai takardun banki a adakar, nan za ka fara. Bank of British West Africa ya fara aiki a Legas a 1894 da goyon bayan Alfred Jones na kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster. A 1957 ya jefar da kalmar British ya zama Bank of West Africa, a 1966 ya zama Standard Bank of West Africa, a 1969 Standard Bank of Nigeria, a 1979 kuma First Bank. Wani babban bankin kuwa ya shigo a matsayin Colonial Bank a 1917, ya koma Barclays a 1925, ya zama Barclays Bank of Nigeria a 1969, ya ƙare a Union Bank a 1979. Ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa 1969 ta fito a duka biyun: dokar kamfanoni ta 1968 ce ta ce duk kamfanin waje da ke aiki a ƙasar nan sai ya yi rajista a nan gida, daga nan ne kalmar Nigeria ta fara shiga sunaye a hatimai, sai dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ƙara sauya wasu. Idan kuma ka ga Plc a ƙarshen suna, to takardar ba ta girmi dokar 1990 ba.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Sabon suna yana tabbatar da cewa takarda ba ta girmi shekarar sauyin ba, amma tsohon suna ba ya tabbatar da cewa ta girme ta, saboda reshen da ke nesa da hedikwata yakan ci gaba da buga tsohon hatimi har sai robar ta cinye, kuma akawu ba ya zubar da littafin rasidi da ya rage rabi don kawai an sauya suna a Marina. Irin wannan takarda, mai tsohon suna a bugu da sabon suna a hatimi, ko wadda aka ja wa layi da jan alƙalami aka gyara da hannu, ita ce a ganina ta fi kowace ban sha'awa, don tana nuna ainihin makonnin da sauyin ya iso kan teburin akawu.

Na taɓa riƙe wani rasidi irin wannan na ƙarshen shekarun 1940, kuma zan bayyana shi don ka ga yadda ake karatunsa. Takarda ce mai launin ƙasa-ƙasa, an yago ta daga littafi, gefen hagu duk haƙora. A ƙasa ta dama kan sarkin Sarki George na Shida, an manna shi a ɗan karkace, hatimi mai siffar ƙwai ya hau kusurwarsa ta sama ya gangaro kan takardar, sunan kantin ya zagaye gefe, sunan reshen a ƙasa, lambar ƙarshe ta shekarar ta ɗan fi sauran tsawo domin ita ce ake juyawa da yatsa. Akawun ya rubuta adadin bandir na atamfa da kuɗinsu cikin fam da sule, ya rubuta sunan mai saye yadda kunnensa ya jiye masa. A bayan takardar kuwa, mai sayen da kansa ya rubuta da ajami wa zai kai wa kayan, da abin da ya rage a kansa na bashi. Fuskar takardar lissafin kanti ce, bayanta lissafin bafatake, kuma wannan na bayan ba ya cikin kundin kowane kamfani a duniya. Ka juya kowace takarda ta adakar nan ka duba bayanta kafin ka yanke mata hukunci.

Sunayen da nake sa ran za ka tarar su ne waɗanda suka riƙe cinikin Legas da Arewa bayan jirgin ƙasa ya haɗa su. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, layin Baro ya isa Kano a 1911, kuma cikin ɗan lokaci gyaɗar da ake fitarwa ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa kimanin tan 19,000 a 1913. Kantunan da ke Marina da Broad Street suka bi dogon suka buɗe rassa: Janhol na Liverpool, wanda mai shi John Holt ya fara zuwa gaɓar tekun nan a 1862, Paterson Zochonis da ya faro daga Saliyo ya iso Legas a 1899, G. B. Ollivant; kamfanonin Faransa CFAO da SCOA; daga baya kuma Leventis. Hatimin kamfanin Jamus irin G. L. Gaiser na Hamburg yana da tasa alamar lokaci, domin yaƙin 1914 ya rufe kantunan Jamusawa aka yi gwanjon kadarorinsu a 1916, wasu suka dawo bayan yaƙi, 1939 ta sake rufe su. Waɗannan kantuna ba su iya sayen komai a ƙauye da kansu, sai ta hannun 'yan kasuwarmu da suke ba jari da kaya bashi. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da goro daga Gwanja har yana ɗoro shi a jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Legas, ta wannan hanya ya shiga sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja wajen 1918, ya zama wanda ya fi kowa girma a harkar kafin rasuwarsa a 1955. Goron da ya tara Hausawa a Agege kuwa bai taɓa zama hajar Turawa ba, ciniki ne na cikin gida, saboda haka takardun mahaifinka za su fi karkata ga takardar ɗaukar kaya ta reluwe, da ta aika kuɗi ta banki, da rasidin kayan kanti da yake saye ya haɗa da huhunan goro zuwa Kano. Idan ka yi dace da hatimin wani ɗan kasuwa Bahaushe ko Bayarabe na kansa, ka ware shi daban, domin na manyan kantuna suna da yawa a hannun masu tarawa a Turai, na 'yan kasuwar gida kuwa kusan babu wanda ya tattara su.

Za ka iya cin karo da wasu abubuwa biyu masu dangantaka da wannan. Na farko kan sarki mai ƙananan huji da suka fitar da haruffan sunan kamfani, dabarar da Joseph Sloper ya ƙirƙiro kuma gidan wayar Ingila ya amince da ita a 1868, don hana yaran ofis satar kan sarki su mayar kuɗi. Ka ɗaga shi sama ka duba ta haske, kada ka ɗauka ƙwaro ne ya ci. Na biyu jan bugu na injin da manyan ofisoshi ke amfani da shi a madadin kan sarki, wanda sau da yawa yake ɗauke da tallar kamfanin a gefe. Shi ma da ambulan ɗinsa gaba ɗaya ake ajiye shi.

Game da jabu, tun da har akwai bambancin farashi tsakanin sokewar gidan waya da ta rasidi, to akwai masu neman cin wannan bambanci. Manyan kan sarki na sule goma da fam ɗaya an fi amfani da su a takardun kotu da na filaye fiye da wasiƙa, sai marasa gaskiya su wanke tawadar alƙalamin da magani su buga hatimin gidan waya na ƙarya a gurbin. Don maganin haka ne tun farkon ƙarni na 20 ake buga wasu a takarda mai shafen alli da tawada mai gudun ruwa, yadda duk wanda ya wanke zai ɓata hoton. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita takan tona sawun rubutun da aka wanke. Hatimin Kamfanin Neja kuwa, tun da na roba ne kuma bisa kan sarkin Ingila mai araha ake buga shi, ba shi da wuyar kwaikwayo, saboda haka ban ba ka shawarar ka sayi wanda ke tsirara ba tare da ambulan ko yankin ambulan ba, sai da takardar shaidar ƙwararru. Ƙungiyar West Africa Study Circle da ke Ingila, mai fitar da mujallar Cameo, ta daɗe tana nazarin waɗannan hatimai, kuma kundin farashi na Stanley Gibbons ya ware musu sashe a ƙarƙashin Nijeriya.

Babban abokin gabarka a Legas shi ne rima. Iskar garin nan da damina tana sa takarda ta yi hunhuna da ɗige-ɗige masu launin tsatsa, ga gara ga kyankyaso, adakar ƙarfe kuma tana tara gumi a ciki. Ka fito da takardun a ɗaki mai iska, ba a rana ba, don rana tana kashe tawada shunayya cikin sauri. Ka cire allura da ƙusar maƙala takardu a hankali tun da tsatsarsu na cin takarda, amma ka lura da waɗanda aka maƙala tare ka ajiye su tare, saboda mahaifinka yana da dalilin haɗa su. Ka sa farar takarda mai kyau tsakanin kowace biyu, ka zuba su a kwali ko robar da ke rufuwa da kyau tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ɗora a bisa kanta nesa da bango da ƙasa. Kada ka kai su shagon da ake manne takarda cikin leda da zafi, domin wannan aiki ba ya warwaruwa, kuma kada ka liƙa salatif a inda ya yage.

Bayan haka sai ka ɗauki hoton gaba da bayan kowace takarda da waya, ka buɗe littafi ka rubuta sunan kamfani, da reshe, da kwanan wata, da siffar hatimi da launin tawadarsa, da faɗinsa da tsawonsa a milimita, domin da awo ake bambanta hatimi biyu masu rubutu iri ɗaya. Ka jera su bisa kamfani, a cikin kowane kamfani kuma bisa shekara, sauye-sauyen za su fito da kansu. Sunan kantin da ba ka sani ba kana iya nemansa a littafin The Red Book of West Africa na 1920, wanda ya bayyana kamfanonin Legas da 'yan kasuwarta na lokacin, ko a tsofaffin gazet na gwamnati da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Ibadan da Kaduna, takardun UAC kuwa suna ma'ajiyar Unilever a Port Sunlight kusa da Liverpool. Sunayen mutane da ke rubuce da ajami a bayan rasidai ba za ka same su a ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba. Su sai ka buga hotunan a takarda da manyan haruffa, ka kai wa dattawan kasuwar goro na nan Agege waɗanda suka yi zamani da mahaifinka, ka zauna da littafinka a hannu su karanta maka su faɗa maka wane ne dillali, wane ne fatoma, wane ne kuma yake karɓar kayan a tashar Kano.